Zaren Awon Takwara

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki da takwarana, da fatan sanyin bana bai fara taɓa ku ba. Mu nan lafiya lau, in aka cire gwiwa, ita kuwa ba da ita nake saƙa ba. Mai kemis ne ke rubuta mini kamar kullum. Na gaya masa abin da na faɗa shi zai sa, ban da gyara.

Direban da kika sani zai kawo miki saƙo: rigunan matashin kujera, da hular butar shayi, tunda kin ce taki ta ƙone. Ruwan ƙasa da fari na yi su, da zanen igiyar nan da marigayiya babarki take so, amma na karkata igiyar hagu don kada ta yi kama da ta gidan kowa. Kada ki wanke da ruwan zafi. Bara ma na faɗa miki, kika wanke.

To ga abin da ya sa na zaunar da mai kemis ya bar masu sayen magani a tsaye. Zaren awon takwara ya iso cikin ambulan. Kin san ƙa'idata tun kina goye. Ba ruwana da tef ɗin tela, ba ruwana da lamba. Zare ɗaya, ƙulli huɗu: na fari wuya, na biyu ƙirji, na uku hannu daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, na huɗu tsawon riga. Kuma ba na zubar da zare. Duk yaron da na taɓa yi wa riga, zarensa na nan rataye a ƙusarsa a bangon shago, har naki, har na yayyenki.

Na sauko da na takwara na bara, na jera shi da na bana a kan benci. Wuya da ƙirji suna nan inda suke, ko motsi ba su yi ba. Wannan na ce to, wata shekarar yaro yakan tsaya. Amma Auta, hannun ya ragu. Ya ragu da faɗin yatsu biyu. Na sa tabarau na sake jerawa. Na kira tela na gefena ya danne mini bakin zaren na ja, nan ma haka. Tun ina saurayi nake auna 'ya'yan mutane. Na ga mai ramewa, na ga mai kumbura, ban taɓa ganin yaron da hannunsa ya koma ciki ba.

Ki sake aunawa ki aiko da wuri, don zanen na riga na gama shi a kaina. Shuɗi mai duhu, agwagi rawaya a jere a ƙirji, uwar a gaba, 'ya'yan na biye, na ƙara ɗaya kamar yadda nake yi duk shekara. Na ƙarshen zan juya masa kai yana kallon baya, shi ne takwara, mai taurin kai. Kin dai tuna zuwanku na ƙarshe, da ya bi agwagin maƙwabta har cikin kwata yana kiran su gaga.

Ki ce masa sunan nan aro na ba shi, ya riƙe shi da kyau.

Allah ya yi muku albarka.
Mahaifinki.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka da saƙo, mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara lafiya. Rigunan matashin sun yi wa falo kyau. Wata abokiyar aikina ta gani ta ce ko za ka yi mata shimfiɗar tebur da irin wannan igiyar. Na ce mata Baba ba ya maimaita zane, amma zan tambaya.

Maganar zare, Baba, kada ka sa ta a ranka. Da safe na auna ina saurin fita aiki, ka kuma san takwaranka ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wataƙila hannuna ne ya zame. Amma ba sai na sake ba, ka yi aiki da shi yadda yake, zai yi daidai. In hannun ya ɗan gaza ma ba komai, ba ya son abu yana rufe masa yatsu.

Ga hotonsa na sa maka, wanda aka ɗauke su a makaranta kwanan baya. Ka ga dai ƙalau yake. Yana gaishe ka.

Ka riƙa shafa maganin gwiwar nan don Allah, kada ka ce warinsa na kama ulu. A gaishe da mai kemis da tela.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Bayan sallama da gaisuwa, na ga takardarki, an karanta mini ita har sau biyu, don karatun farko ban gaskata kunnena ba.

Kin ce hannunki ne ya zame. Auta, ni na koya miki ƙulli. Na kai zaren nan bakin ƙofa wajen haske na duba. Ƙullin mai sauri daban yake, yakan yi sako-sako, yakan karkace. Waɗannan kuwa an ɗaure su a natse, an ja su sun zauna, kowane da ɗan'uwansa iri ɗaya. Wanda aka auna da zaren nan tsayawa ya yi cak kamar ana ɗaukar sa hoto. Takwara ko barci yake ba ya tsayawa haka.

Sannan kin ce in yi aiki da shi yadda yake, zai yi daidai. Yaya za a yi ki ce awo kuskure ne, ki kuma ce zai yi daidai? Daidai da wa?

Hoton kuma ya ƙara lalata maganar. Na gan shi, na ji daɗi, har na nuna wa tela. Ya yi tsawo, ya ɗauko dogon wuyan dangin babarki, kafaɗarsa ta buɗe. Amma ai shi ne abin. Yaron da ke cikin hoton nan, ƙullin ƙirjin da kika aiko ba zai zagaye shi ba ko ya riƙe numfashi. Hannunsa kuwa ga shi nan ya zarce rigar makarantar. Yaron hoto daban, yaron zare daban. Mai kemis ya ce kada in sa wannan maganar, wai ta yi tsauri. Na ce masa ya sa, ba 'yarsa ba ce.

Na zauna na yi ta tunani, abubuwa suka yi ta dawo mini. Kin san kunnena da waya ba sa shiri, amma ina jin abin da nake ji. Tun bayan sanyin bara, duk ran da kika kira na ce a ba ni takwara, sai ki ce yana wanka, ko ya fita wasa, ko ya yi barci. Yaro ɗaya, wanka kullum? Da can shi ke fizge wayar yana yi mini ihu a kunne. Kuma a da in na aiko riga, kikan ba ni labarin yadda ya sa ta, har ki ce ya ƙi cirewa. Ta bara ba ki ce komai ba sai an gode.

Ki gaya mini gaskiya. In ciwo ya yi ya rame, hoton kuma tsoho ne, ki faɗa. Na binne babarki, na binne yayanki na biyu, ba labarin da zai kashe ni. In kuma yaron ba ya hannunki ne, shi ya sa kika ari ɗan wani kika auna, wannan ma ki faɗa.

Ulu na nan na saya, shuɗin da rawayan. Ban ɗora ko layi ɗaya ba. Ba na saƙa wa yaron da ban sani ba.

Shimfiɗar teburin abokiyar aikinki, ki ce mata ta jira. Ba ta gabana yanzu.

Allah ya tsare.
Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Wallahi tallahi takwaranka lafiyarsa ƙalau, ba abin da ya same shi. Don Allah ka daina tara wa kanka damuwa a kan zare. Ka sa mai kemis yana ta kirana yana tambaya ko an kwantar da wani a asibiti, har wajen aiki an fara yi mini jaje.

Na yi tunani, bana ka huta kawai. Idonka ba kamar da ba, zane mai agwagi kuma aiki ne mai cin ido. Yana da kayan sanyi sun ishe shi. Ulun ka yi bargon jarirai da shi, ai ana nema.

Maigidana aiki ya yi masa yawa kwanakin nan, ba ya zama, shi ya sa ba ka ji daga gare shi ba.

In na samu hutu zan zo mu yi magana baki da baki. Ka yi haƙuri da ni.

'Yarka, Auta.

*

Zuwa ga surukina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da mahaifiyarka da sauran dangi. Da fatan aikin gyaran firji na tafiya.

Tun da ka ɗauki Auta ban taɓa rubuta maka takarda ba, don ban ga dalili ba. Na ba ka ita, ka riƙe, ban ji ƙara ba. Yau na ga dalili. Na sa direba ya kai maka wannan shagonka, hannu da hannu, kada ta bi ta gida.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. An aiko mini awon wani yaro an ce na jikana ne. Na tambaya, an ce hannu ya zame. Na sake tambaya, an ce in huta. Tun da aka haifi yaron nan sanyi bai taɓa shigowa babu rigata a jikinsa ba, rigar da ya fara sawa a duniya ma ni na saƙa, ba ta fi tafin hannuna ba. Yau uwarsa ce da bakinta take cewa kada in saƙa. Kuma ta rufe da cewa kai ba ka zama a gida, za ta zo mu yi magana baki da baki. Ni ba yaro ba ne. Na san irin maganar da ake ajiyewa sai baki da baki.

Abin da na gano shi ne kun samu saɓani, ka ɗauke yaron ka kai shi wajen danginka, ita kuma tana rufa maka asiri, ko tana jin kunyata. In haka ne, ka ji ni da kyau. Tsakaninka da matarka ba zan shiga ba sai an kira ni. Ɗa naka ne, ban musa ba. Amma ba a raba yaro da uwarsa har ta kai ga aron ɗan maƙwabta tana aunawa tana yaudarar ubanta. Wannan ba aikin ɗan mutunci ba ne, ni kuma ɗan mutunci na san na ba 'yata.

Mai kemis ya ajiye biro ya ce shi ba zai rubuta zargi ba hujja ba. Na ce masa hujja tana rataye a ƙusa, ya tashi ya je ya gani. Ya ɗauki bironsa.

Ka ba direban amsa ya dawo mini da ita. In ya dawo hannu biyu, mota ta gaba da ni za ta zo, da gwiwa ko ba gwiwa. Zan zauna a ƙofar shagonka da tsinkayen saƙata har sai an fito mini da takwarana na gan shi da idona.

Ka huta lafiya.
Surukinka, mai saƙa.

*

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, na karɓi takardarka ina tsugune bayan wata firji, na karanta na miƙe tsaye ban sani ba. Ina gaishe ka da ladabi. Direba na zaune yana jira, ya ce ka hana shi dawowa haka, don haka ka yi haƙuri da rubutun.

Baba, ba saɓani. Ni da Auta muna nan lafiya, faɗanmu bai wuce na wa ya bar fitila a kunne ba. Yaro yana gida, a ɗakinsa yake kwana, yana cin abinci kamar ana biyan sa. Rashin zamana kuwa aiki ne, wani otal ne injinan sanyinsa suka lalace gaba ɗaya.

Auta ta roƙe ni kada in faɗa. Amma tunda har an kai ga ni ne ɓarawon ɗana, gara ka ji haushin gaskiya.

Rigar bara ya sa ta zuwa makaranta. Yara suka ga agwagi. Ka san yara. Yana shiga aji suka fara kwak kwak, yana fita kwak kwak, har malaminsu ya kira shi ya yi lissafi a allo wani ya yi kwak daga baya. Suka sa masa suna Uban Agwagi. Ya daure kwana biyu, rana ta uku ya dawo da fasasshen leɓe, wai ya yi dambe da wani da ya ce kakansa ba shi da aikin yi sai na mata. Daga nan rigar ta ɓace. Ya ce an sace. Bayan wata guda na buɗe wata matacciyar firji a bayan shagona zan ciri ƙarfe, sai ga ta a ciki, a ninke tsaf cikin leda. Bai yar ba, Baba. Ninkewa ya yi ya ɓoye.

Na kawo ta gida, a bakin get 'yar mai gadin gidanmu ta gani a hannuna. Yarinya ce 'yar duma-duma, ba ta kai shi shekaru ba. Ta kama rigar ta ƙi saki, tana kuka. Auta ta ce a bar mata. Tun daga ranar rigar nan ba ta huta ba. Ko ana zafi sai an yi kokawa kafin a cire mata. Hannun ya yi mata tsawo, ana naɗe mata shi. Duk agwagin ta sa musu suna, ta farkon ita ce wai matar mai gidan haya.

Da lokacin awo ya zo, takwaranka ya ce shi ba za a auna shi ba. Auta ta rasa yadda za ta yi. Ta ce in ta faɗa maka za ka ji ciwo, in kuma ta auna shi dole, aikinka na wata da watanni zai sake ƙarewa a firji. Shi ne ta auna wadda za ta sa. Na ce mata Baba zai gane. Ta ce zare ne kawai.

Maganar waya kuma, ba wanka yake ba. Duk ran da ka same shi, tambayarka ta farko ita ce, ka sa rigar? Ya ce da uwarsa shi ba zai yi wa Kaka ƙarya ba, kuma ba zai iya faɗa masa gaskiya ba. Sai ya gudu.

Ya girma, Baba. Agwagin nan da ya bi cikin kwata ko tuna su ba ya yi, an ba shi labari ne. Yanzu ƙwallo ce a gabansa, shi ne mai tsaron gida a layinmu, kullum gwiwar hannunsa a ƙuje.

In har yanzu kana son zuwa, ƙofar shago a buɗe take, zan sa maka kujera mai kyau. Amma gida ya fi.

Ka yafe mana. Allah ya ƙara girma.
Ɗanka, mai gyaran firji.

*

Baba,

Ina gaishe ka. Na rubuto ba amsa, na kira ka ce ba ka ji. Na san kana ji.

Mai kemis ya gaya mini komai. Ya ce da ya kai tsakiyar takardar maigidana ya so ya tsaya, ka ce ya karanta har ƙarshe, ga tela a tsaye, ga masu sayen magani. Ya ce ka karɓi takardar ka ninke ka tafi. Ya ce shagonka ya yi kwanaki a rufe, abin da bai taɓa gani ba sai rasuwar Mama.

Laifina ne. Da na faɗa maka tun bara. Na ga kamar ina kare ka ne, ashe tsoro nake ji. Maigidana ma ya ce bai ji haushin zargin ba, har yana nuna wa abokansa inda ka ce za ka zauna a ƙofar shagonsa.

Takwaranka ya san an faɗa maka. Jiya ya ƙi fita ƙwallo, ya zo kicin ya tsaya a bayana ya ce, Kaka ya daina sona ko? Na ce ban sani ba, ka tambaye shi. Ya ce ai ba ya ji a waya.

Baba, ko zagi ne ka aiko.

'Yarka, Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Na samu. Shago a buɗe yake, mai kemis ya cika surutu.

Ga rigar yarinyar nan wajen direba. Ki ce wa ubanta ba sadaka ba ce, awonta aka aiko, awonta na saƙa. Ba sai an naɗe mata hannu ba.

Tela ya ce mai tsaron gida a kan gwiwar hannu yake faɗuwa, kuma da sassafe suke fita, lokacin da sanyi ya fi cizo. Ki tambayi wancan mai tsaron gidan naku, in da a ce za a yi wa mutum riga mai ninki biyu a gwiwar hannu, ba tsuntsu ba dabba a jikinta, wane launi mutum zai so. Tambaya ce kawai, ban ce zan saƙa ba. Kuma ba ke za ki amsa ba, ba ubansa ba. Tunda an ce yana makaranta, ya ɗauki biro.

Ki gaishe da maigidanki, ki ce masa na ga takardarsa.

Ku huta lafiya. Ni ban huce ba tukuna.
Mahaifinki.